Ra'ayinmu: Malamin Wucin-Gadi da Katin Asibiti

A watan Mayu na shekarar 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA. Wannan doka ita ce ta maye gurbin tsohuwar ta 1999, wadda aka soma aiki da ita sosai a 2005. Babban abin da ya raba su shi ne, a da shiga shirin ganin dama ne, yanzu kuwa ya zama wajibi a kan duk mazaunin Nijeriya, kuma duk wurin aikin da ke da ma'aikata biyar ko fiye da haka ya shiga cikin lissafi. Mun yi maraba da wannan doka, domin a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mai ciwo da danginsa yake fitowa. To, amma akwai wani bawan Allah da muke gani kullum a gaban allo, wanda har yanzu ba mu ga inda dokar ta ajiye shi ba. Wannan kuwa shi ne malamin wucin-gadi.

Birnin Sakkwato gari ne na makarantu. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa tun 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, ban da ƙananan kwalejoji masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa. A manyan makarantun ƙasar nan duka, ba kowane mai koyarwa ne cikakken ma'aikaci ba. Akwai malami baƙo da ke zuwa daga wata jami'a, wannan yana da katinsa a gida, ba shi muke ji ba. Akwai dattijon da ya yi ritaya aka sake ɗaukarsa kwantiragi, wanda barin aiki ya raba shi da katin da yake da shi, daidai lokacin da hawan jini da ciwon sukari suka fara sallama. Sa'an nan akwai matashi mai digiri na biyu wanda bai sami gurbi ba, yana koyar da 'yan difloma da 'yan ajin yamma da na ƙarshen mako, ana biyansa gwargwadon sa'o'in da ya yi, sau da yawa sai bayan an gama zangon karatu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne abin dubawa.

Shirin inshorar ma'aikata a jikin albashi aka ɗaure shi. Yadda aka tsara shi tun farko, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, sai a ba shi kati shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. In ya je asibiti, kashi 10 kawai na kuɗin magani zai biya. Malamin wucin-gadi ba shi da tushen albashi, sunansa kuma ba ya cikin takardar biyan wata-wata, saboda haka babu inda za a yanka. Asusun da dokar 2022 ta keɓe wa masu rauni na yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta tuburan. Mai digiri biyu ba zai shiga wannan sahu ba. Abin da ya rage masa shi ne shirin GIFSHIP da aka buɗe a 2020, inda mutum zai biya wa kansa kuɗin shekara guda cif tun kafin ya ga likita. Wanda yake jiran alawus ɗin zangon da ya wuce, ina zai samo wannan? Ga shi nan dai, ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Wani zai ce ai maganin abin mai sauƙi ne, a tilasta wa makarantu su biya musu. A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin an gwada haka a Amurka, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ce duk wurin aikin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye, dole ya yi wa wanda ke aikin sa'a 30 a mako inshora. Niyya kyakkyawa ce. Sai dai tun kafin wannan sashe ya fara aiki a 2015, kwalejoji da dama suka shiga rage wa malaman wucin-gadi darussa don kada su kai sa'a 30. A ƙarshen 2012 wata kwalejin al'umma ta gundumar Allegheny a Jihar Pennsylvania ta rage musu nauyin koyarwa daga sa'a 12 zuwa 10 a mako. A 2013 Jihar Virginia ta taƙaita ma'aikatanta na wucin-gadi a kan sa'a 29. Da gardama ta yi yawa, a 2014 hukumar harajin Amurka ta ce ana iya lissafa kowace sa'a ɗaya ta aji a matsayin sa'a biyu da kwata, saboda shiri da duba takardu. Malami ya wayi gari babu inshora, kuɗin shigarsa kuma ya ragu. An je neman ƙiba an samo rama.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A watan Satumba na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni ga ma'aikatu da hukumomin Gwamnatin Tarayya su aiwatar da wajibcin inshorar. Duk ranar da aka matsa wa makarantu lamba, mai riƙe da baitulmalin makaranta zai nemi hanya mafi arha. Ko dai ya raba darasin mutum ɗaya ga mutum uku, ko ya sake wa malamin suna ya kira shi mai ba da shawara, ko ya sallame shi ya jibga wa cikakkun malamai kayan. Mun kuma riga mun ɗanɗana irin wannan. Lokacin da aka cusa jami'o'in tarayya cikin tsarin biyan albashi na IPPIS a 2020, ɗaya daga cikin manyan koke-koken ƙungiyar ASUU shi ne tsarin bai san da zaman malami baƙo da na kwantiragi ba. Da yawa suka rasa biya, suka kama gabansu. Sai a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle namu gemun ya taɓa babbakewa.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan magana tamu ce. Idan malami ya kwanta ciwo ba shi da kuɗin asibiti, ajinmu ne zai zauna babu kowa, sakamakon jarrabawarmu ne zai makara. Abin mamaki ma, akwai shirin TISHIP da aka yi don ɗaliban manyan makarantu, wanda kuɗinsa ke cikin abin da ake biya wajen rajista. Ke nan ɗalibi na iya riƙe da kati, wanda ke koya masa kuwa hannu rabbana. Ku ma matasan ma'aikata da ke fitowa daga sakatariya da la'asar kuna garzayawa ajin difloma, galibi a hannun waɗannan malamai kuke neman takardar ƙarin girma. Da yawa daga cikinmu kuma, in an gama bautar ƙasa, da irin wannan koyarwa za mu fara cin abinci.

Saboda haka muna kira ga hukumomin makarantunmu, da Hukumar NHIA, da Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Sakkwato, wato SOCHEMA, da aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, su zauna su fitar da tsari. Kuskuren Amurka shi ne shata layi a sa'a 30, domin duk inda aka shata layi za a sami mai tsayar da mutane a bayansa. Shawararmu ita ce a fara zubi tun daga sa'ar farko. Kowace sa'a da malami ya koyar, makaranta ta ɗora wani kaso a kan alawus ɗinsa, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa. In yana koyarwa a wuri biyu, kowa ya zuba nasa, katin kuma ya bi mutumin duk inda ya koma. Ta haka babu ribar da makaranta za ta ci in ta rage masa darasi. Masu cewa babu kuɗi, muna tuna musu cewa kwasa-kwasan yamma da na ƙarshen mako kuɗi ake biya a shige su, kuma gumin waɗannan malamai ne ke kawo shi.

Haka nan muna roƙon iyayenmu na ASUU da ASUP da COEASU su sa baki, ko da waɗannan bayin Allah ba su cikin rajistarsu, domin alli ɗaya suke riƙewa. Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai, wajibi ne ta ɗauki maganar zuwa gaban hukuma a rubuce, ta nemi a bayyana yawan malaman wucin-gadi da adadin waɗanda ke da kati a cikinsu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Wanda ya tsaya sa'a uku a gaban allo cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu, ya cancanci ya ga likita ba tare da ya ci bashi ba. Allah Ya sa shugabanni su ji, amin.