A Ba da Wuta, Kada a Ba da Akwati

Daga wani Katakis, Nasarawa, Kaduna

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya jawo mini baƙin jini, har wani dattijo ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da hanci. Maganar kuwa ta akwatin wuta ce, watau babban batir ɗin nan mai mariƙi wanda ake yi wa caji da wutar NEPA ko da hasken rana, sa'an nan a ɗauke shi zuwa inda ake so a kunna ƙwai da fanka da lasifika. Samari suna ce masa babban fawa banki, waɗansu kuma janareta marar ƙara. Ya fara shiga majami'unmu da shagunan aski da na masu cajin waya a nan Nasarawa da Tirkaniya da Kakuri, kuma na san akwai kwamitocin coci da yawa da ke shawarar sayensa yanzu haka. Su nake so su ji abin da ya same mu.

Kowa ya san abin da ya kore mu daga janareta. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa, har a watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000. Ƙaramar ekklesiya kamar tamu, wadda yawancin membobinta 'yan tireda ne da leburori da tsofaffin ma'aikatan masaƙu da aka rufe, sai ta ga baikon Lahadi yana ƙarewa a gidan mai. Shi ya sa Zumuntar Mata ta ɗauki nauyi. Matan nan suka yi ta tara kuɗi wata da watanni, mai sayar da ƙosai ta kawo nata, mai kunu ta kawo nata, har aka sayo akwatin. Ranar da aka fara kunna shi, aka yi sujada daga farko har ƙarshe ba hayaƙi, ba ƙara, ba wanda ya fita waje jan igiya a tsakiyar wa'azi.

Bai cika shekara ba ya mutu.

Da ya mutu, sai kowa ya ce ai kayan zamani ba su da ƙarko, an cuce mu, jabu aka sayar mana. Ni ma da farko haka na ce. Amma da na zauna na bi diddigin inda akwatin nan ya shiga a cikin watannin, sai kunya ta kama ni. Ya je biki a Kudenda, inda aka ajiye shi a tsakar rana kusa da masu kiɗa tun hantsi har la'asar. Ya je zaman makoki sau da yawa, yana tafiya a bayan babur, ana ɗaure shi da roba kamar buhun masara. A wani gida an jona masa hita don a dafa ruwan shayin baƙi, ya yi ƙara ya ɗauke, aka sake kunnawa, ya sake ɗaukewa, aka yi ta yi. Daga ƙarshe wani ya dawo da shi babu ko ɗigon caji, ya tura shi cikin ɗakin ajiya a ƙarƙashin kwano, ya kulle. Da yake a makonnin nan an sami wuta da safiyar Lahadi, ba wanda ya tuna da shi sai bayan kusan wata biyu. Da muka ɗauko shi, ko ƙyaftawa bai yi ba. A duk waɗannan wurare babu wanda ya yi da mugun nufi. Kowa ya ɗauka na coci ne, na kowa ne, to kuma abin kowa ba shi da mai tambaya.

Ra'ayina ke nan, kuma a kansa ne muka sami saɓani da dattijon da na ambata: duk ekklesiyar da ba ta shirya naɗa mutum ɗaya mai kula da akwatin ba, ta kuma ba shi ikon ya ce a'a ko wa ya zo aro, gara ta ci gaba da janaretanta. Janareta yana jure wulaƙanci, in ya lalace akwai makaniki a kowane lungu. Akwatin wuta ba haka yake ba. In ya ƙone a ciki, sau da yawa kuɗin gyara ya kusa na sabo.

Da matan suka sake ɗaura ɗamara aka sayi na biyu, kwamiti ya ɗora mini kula da shi. Abu na farko da na yi shi ne na zauna da takardar da ta zo a cikin kwalin, wadda a karon farko muka jefar tare da ledar. Ga kaɗan daga abin da na koya.

A jikin kowane akwati akwai lambobi biyu, kuma mutane suna rikita su. Ɗaya tana da Wh a bayanta, ɗaya tana da W kawai. Ta farko ita ce girman randa, watau yawan wutar da ke ciki. Ta biyu ita ce girman moɗa, watau iyakar abin da za a iya ɗiba a lokaci ɗaya. Namu yana da 1,000 a duka biyun. To amma ba duka dubun nan za ka sha ba, domin inbata da ke ciki, wadda take juya wutar batir ta zama irin ta soket, tana cin kusan kashi 15 cikin 100. Saura wajen 850. Amfilifaya tamu tana jan kamar wat 100, ƙwai shida masu wat 9 sun ba da 54, fiyanon mawaƙa kamar 15. Jimla wajen wat 170, watau awa biyar ke nan, ya ishe mu sujadar Hausa da ta Turanci. In aka ƙara fanka biyu na tsaye masu wat 60, sai awa biyar ta koma uku. Hita kuwa ko dutsen guga, mai jan wat 1,500, ya fi ƙarfin moɗar gaba ɗaya. Ko da a ce akwatin zai iya ɗauka, cikin rabin awa da 'yan mintoci zai shanye randar. Wannan lissafi ɗan firamare zai iya yi, amma sai an sami wanda aikinsa ne ya yi shi kafin a jona.

Babban maƙiyin batirin litiyam zafi ne, mu kuwa a Kaduna ba mu rasa shi. Yawancin masu ƙera akwatunan nan suna rubuta cewa kada a yi caji in zafi ya wuce digiri 40 ko 45. A watan Maris da Afrilu, ɗakin kwano marar silin da rana tsaka yana iya kaiwa nan. Zafi ba ya kashe batir nan take, a hankali yake cinye shi, sai wata rana ka ga abin da ke kai ka awa biyar ya koma biyu. Saboda haka namu yana zaune a ɗaki mafi sanyi, a kan benci, nesa da bango da taƙi ɗaya don iska ta shiga ta fita. In ana cajinsa da farantin sola, farantin ne ke shan rana, akwatin yana inuwa. Na ga mutane suna ɗora akwatin kusa da farantin a tsakar gida, har su lulluɓe shi da zane wai don ƙura. Wannan dafa shi suke yi.

Ƙurar ma gaskiya ce. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana toshe ƙananan ramukan da fankar ciki ke shaƙar iska, tana kuma rufe fuskar farantin sola har cajin ya ragu. Busasshen burushi mai laushi ya isa ga ramukan, farantin kuma a goge shi da tsumma mai ɗan laima da sassafe kafin ya yi zafi. Kada ruwa ya kusanci akwatin kansa.

Sai maganar ajiya, wadda ita ce ta ƙarasa namu na farko. Batir yana zubar da caji kaɗan kaɗan ko ba a amfani da shi. In aka ajiye shi fanko, zai ci gaba da sauka har ya wuce inda na'urar tsaron da ke ciki za ta yarda ya sake karɓar caji. In za a daɗe ba a taɓa shi ba, a bar shi da kamar rabi ko sama da rabi kaɗan, a kashe shi gaba ɗaya, a kuma duba shi duk bayan wata uku in an yi jinkiri.

Ga masu shirin saye, ku nemi wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Masu ƙera irin wannan suna cewa yana kai caji 3,000 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100, alhali kuwa ɗaya nau'in na litiyam yawanci 500 zuwa 800 ne. Ga mai caji kullum, bambancin shekara takwas ne da shekara biyu. Ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Ku karɓi rasit da takardar garanti. Kafin ku bar shago ku jona abin da kuka san yawan wutar da yake ja, ku ga yadda lambar ke sauka. Wanda ya yi araha fiye da kima, kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau, a bar shi a nan. Abin dariya, a jihar Nasarawa (ba tamu unguwar ba) an buɗe masana'antar tace ma'adinin litiyam a watan Mayu na 2024, amma mu batirin sai ya zagayo daga Sin kafin mu saya.

Abubuwa biyu kuma ba na sassauci a kansu domin rai ne a ciki. Na ɗaya, kada wani ya haɗa waya mai kai biyu ya cusa wutar akwatin cikin soket ɗin bango wai don ta zagaya ginin. Wutar tana iya komawa kan layin waje ta kama wanda ke aiki a kan falwaya, kuma in aka kawo wuta farat ɗaya akwatin ya tafi. Wanda ke son haka ya kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa masa canji. Na biyu, in akwatin ya kumbura, ko yana wari, ko ya yi zafi alhali ba a jona masa komai ba, a cire shi daga caji, a fitar da shi fili nesa da mutane, kada a sake kunna shi. Namu ba ya kwana a kan caji ba mai gani, kuma ba ya shiga soket sai ta sitabilaiza, don mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi wani lokaci.

To, yanzu ga maganar dattijon. Ya aiko jikansa ya ɗauki akwatin don bikin suna, na ce ba zai fita ba. Da muka haɗu ya ce, "Malam, yaushe ka zo garin nan? Mu muka kafa cocin nan, kuma ba mu taɓa hana juna benci ko tukunya ba." Na ce, "Baba, gaskiya ne, ku yi haƙuri. Amma benci in ya karye kafinta zai buga masa ƙusa. Wannan in ya mutu, su Mama ne za su koma bakin kasko." Bai ji daɗi ba. Ni ma ban ji daɗi ba, domin abin da ya faɗa ba ƙaramar magana ba ce. Aro da ba da aro su ne suka riƙe talakawa a unguwa irin tamu, kuma cocin da ya koyi rowa ya yi asarar abin da ya fi batir tsada. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Amsar ta zo mini ne a ƙarshen Oktoba na 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando yake lalace saboda ɓarnar da aka yi masa, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu cajin waya suka tsawwala kuɗi saboda tsadar mai. Muka fito da farantin sola tsakar fili, akwatin yana baranda a inuwa, muka shimfiɗa tabarma. Waya ɗaya ba ta cin fiye da Wh 15 zuwa 20, saboda haka a yini muna cika wayoyi da dama da tocila. Membobi suka zo, maƙwabtanmu Musulmi suka zo, wata ungozoma ta riƙa kawo fitilarta kowace yamma. Ba wanda aka karɓi ko kwabo a hannunsa. A kwanakin nan akwatin ya yi wa mutane aiki fiye da duk bukukuwan da na farko ya halarta, kuma bai motsa daga inda yake ba. Da yana can gidan wani, gida ɗaya ne zai mora.

Tun daga nan kwamiti ya rubuta doka. Akwatin ba ya fita sai don aikin ekklesiya, kamar zaman makokin memba, kuma ko a nan ma tare da mai kula yake tafiya, tare suke dawowa a daren. Wanda ke bukatar caji ya kawo abinsa. Akwai littafi mai bangon kwali inda ake rubuta ranar da aka yi caji, da abin da aka jona, da kashi nawa ya rage. Rabaran ma da ya so a kai masa gida ranar da baƙi suka sauka, sakatare ya nuna masa shafin da ya sa hannu, ya yi dariya ya haƙura.

Abu ɗaya ne har yanzu ban ci nasara a kansa ba. Na roƙi kwamiti a riƙa ware rabin kuɗin man da muke kashewa a dā, duk wata, a ajiye don ranar da batirin nan zai tsufa, domin ko an kula da shi kamar ƙwai zai tsufa. Ma'aji ya ce rufin ajin yara yana yoyo, shi ya fi gaggawa. Ba zan ce ya yi kuskure ba. Amma na riga na faɗa wa Uwar Zumunta cewa ba zan sake tsayawa a gaban matan nan in roƙe su karo na uku ba, kuma zan sake kawo maganar a taron kwamiti mai zuwa.

Tsohon akwatin yana nan a ƙarƙashin teburina. 'Yan gwangwan sun taya shi sau biyu na hana, don na san guduma za su sa masa, batirin litiyam kuwa in aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Duk sakataren coci ko shugabar zumunta da ke shirin saye, in hanya ta biyo da ku Nasarawa ranar Asabar da yamma, ku tsaya ku ga littafin, ku kuma ɗaga mataccen ku ji nauyinsa.