Injin Motar Gida Ya Fara Ƙwanƙwasa: A Gyara Ko A Sauya?

 Na san kun saba jin ina maganar zazzaɓin yara da awon ciki, to yau gareji zan kai ku. Kada wata ta ce maganar mota ta maza ce. Ranar da inji ya lalace, a ɗakin uwargida ake fara neman kuɗin gyara.

Muna da wata tsohuwar mota mai shan gas wadda yara suka raɗa wa suna Kaka. Ita ke kai su makaranta, ita ke ɗauko ni idan na tashi daga aikin dare, kuma sau uku ana buga mana ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda asibiti. Watanni kaɗan da suka wuce muna dawowa daga suna a Kiyawa, mun wuce Shuwarin ke nan, sai muka ji wani sauti daga gaba kamar ana daka a turmi can nesa. Jar fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa. Maigida ya ce mu lallaɓa mu ƙarasa Dutse, ni ma ban musa ba saboda yara sun gaji. Wannan ne kuskurenmu na farko.

Washegari bakanike ya saurara na ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya ce inji ya buga, sai dai a je Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko na Beljiyam. Da daddare maigida ya zauna bakin gado ya ce, "Maman Hanif, yaushe ne kwasar adashenki?" Kuɗin nan kuwa na riga na ware su don makarantar yara.

Na ce, "Abban Hanif, ban hana ba, amma a wurin aikinmu ba a shiga da mutum tiyata don kawai an ji tarinsa. A buɗe a gani tukuna." Ya yi dariya, amma ya yarda muka ja ta zuwa wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin injin gas. Abin da na koya a garejinsa shi nake so in raba da ku.

Da farko, injin gas dama yana da ƙara fiye da na fetur, domin ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi, matse iska yake yi har ta yi zafi man ya kama. Don haka sabon sauti ake nema, wanda ba a saba ji ba. Wani lokaci nozul ne, wato bakin da ke fesa mai, ya lalace. Ƙararsa siririya ce mai kaifi, sau da yawa tare da hayaƙi, kuma ana iya cire shi a gwada a gyara ba tare da an sauke inji ba. Iyalai nawa ne suka sayi inji sukutum alhali nozul ne kawai? Amma idan sautin mai nauyi ne daga ƙasa, yana ƙaruwa idan mota ta yi zafi ko tana hawan tudu, ga fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa, to galibi metal ne ya cinye. Metal wasu siraran ƙarafa ne da ke tsakanin sandar fistan da babban ƙarfen da ke juyawa, wanda suke kira kiranshaf. Irin wannan ba a lallaɓa shi. A kashe mota nan take a nemi mai ja.

Akwai abin da ke kanki za ki iya dubawa. Ki zaro gejin baƙin mai ki shafa a farin tsumma. Idan kin ga ƙyalƙyalin ƙarfe, ciki na cin kansa. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko dai gaskit ya ƙone ko wani wuri ya tsage. Shuɗin hayaƙi a salansa na nufin inji na shan baƙin mai, wanda sau da yawa ringi ne ya gaji.

Da dattijon nan ya kwance kwanon ƙasan injin, sai ya kira ni ya ce, "Sista, zo ki ga marar lafiyarki." Metal ɗaya ya cinye, ya kuma karce kiranshaf. Ya ce da a Shuwarin muka tsaya, mai yiwuwa da metal kaɗai za a sauya. Sai dai gangar injin, wato bulok, lafiya lau take, kuma ba a taɓa goge kiranshaf ɗin ba. Ya bayyana mana cewa ana goge shi ne mataki-mataki, suna cewa 010, 020, 030, kowane mataki kusan milimita 0.25, sannan a sa metal mai kaurin da ya dace. Wanda aka riga aka goge har ƙarshe ba shi da sauran gyara.

Daga nan hukuncin ya yi sauƙi. Gyara yana da ma'ana idan bulok bai tsage ba, kiranshaf na da sauran guga, ana samun kayan gyara masu kyau, kuma akwai bakaniken da ke aunawa da ma'auni, ba da ido ba. Sauyi ya fi idan sandar fistan ta fasa bulok, ko an taɓa yi wa injin babban aiki ya sake bugawa, ko kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin wani injin. Haka ya faru da mijin wata abokiyar aikina: nasu ya huda bulok a hanyar Birnin Kudu, babu abin gyarawa. Akwai kuma hanya ta uku da ba a son faɗa. Idan giya na kuka, ƙasan mota ya ruɓe, to sabon inji a cikinta asara ce, gara a sayar a haƙura.

Mu dai gyara muka yi. Da aka tara kuɗin metal, ringi, gaskit, guga, famfon baƙin mai da ladan aiki, ya ɗan haura rabin abin da aka ce mana na injin Beljiyam da ɗaura shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, shi kuma gas tun 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, don haka kowace naira sai an lissafa. Na ba da rabin adashena, maigida ya cika, ba a taɓa kuɗin makaranta na zangon ba. Mako uku muna hawa adaidaita sahu, ban ji daɗi ba, musamman ranakun aikin dare.

Idan ku sauyi ya kama ku, ga abin da zan ce. Injin Beljiyam ma tsoho ne, babu wanda ya san irin wahalar da ya sha a can. A tafi da bakaniken da zai ɗaura shi. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin saukewa idan bai yi ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a je a gyara takardun mota, domin lambar tsohon ce a ciki. Idan kuma gyara ne, a nemi a rubuta kowane kaya da farashinsa, a dawo muku da tsofaffin da aka cire. Bayan an gama, a tafi a hankali ba lodi mai nauyi na kusan kilomita 1,000, a yi juye da wuri.

Zan faɗi laifinmu don kada in ɗora wa mota. Sau biyu muka ɗaga juye saboda wata ya yi nisa, sau ɗaya kuma aka zuba man da ake aunawa a bakin titi. Ga ƙurar hunturu irin ta Jigawa da ke toshe filta. Abin da muka yi tsimi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka kashe ba. Yanzu ranar juye tana rubuce a bangon ɗakina, kusa da katin rigakafin auta.

'Yar uwa, idan maigida ya zo da maganar inji, kada ki ce ba ruwanki, kada kuma ki miƙa ɗan kunnenki na gwal kafin a buɗe. Ki tambaya cikin ladabi: me aka gani a ciki, kuma wa ya sake dubawa? Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ku gaya mana wanne kuka zaɓa da yadda ta kaya. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa.