Yadda Jikin Ɗan Adam Yake Kokawa Da Sanyi

Duk wanda ya taɓa sa hannu a ruwan randa da asubar hunturu ya san yadda yatsu sukan ƙage, haƙora su yi ta karo da juna. To, wannan sanyi wasan yara ne in an gwada shi da na ƙasashen da ƙanƙara kan rufe kogunansu wata da watanni. Amma dabarar da jiki kan yi don kāre kansa iri ɗaya ce ko'ina.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyos. Da zarar sanyi ya buga, sai ƙananan hanyoyin jini na fata su tsuke, jini ya koma ciki wajen zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Watau jiki ya gwammace ya sallama yatsu da kunnuwa da hanci, ya tsira da rai. Shi ya sa masu hawan duwatsun ƙanƙara sukan dawo da ransu amma babu waɗansu yatsu. Makyarkyata kuma aiki ne tsokoki suke yi don su hura wuta a jiki. Idan zafin ya sauka ƙasa da digiri 35, magana takan sarƙe, hankali ya fara gushewa. Mutumin da ya daina makyarkyata alhali yana cikin sanyi, ba sauƙi ya samu ba, jikinsa ne ya gaji. Masu kurɓar barasa don korar sanyi kuwa yaudarar kansu suke yi, domin buɗe hanyoyin jinin fata take yi, zafi ya ƙara tsiyayewa.

Dusar ƙanƙara, duk da kwarjininta, tana da rangwame, don akwai iska a tsakaninta mai tare zafi. Mutanen Inuwit na arewacin Kanada ma har ɗakuna sukan gina da ita. Ruwa ne ba ya ragawa kowa, gama yakan ja zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Wanda ya afka ruwa mai ƙanƙara, numfashi ne kan fara ƙwace masa tun a minti na farko, in kansa yana nitse sai ya shaƙi ruwa. Ba da jimawa ba hannuwa su mutu, ko da kuwa gwanin iyo ne. Lokacin da jirgin ruwan Titanic ya nitse cikin 1912, mutum wajen 1,500 suka halaka, da yawansu suna sanye da rigar hana nitsewa. Sanyi ne ya gama da su.

Duk da haka akan sami waɗanda sukan ba likitoci mamaki. Cikin watan Maris na 1984 wani jirgin masunta ya kife a kudancin ƙasar Aislan. Ɗaya daga cikinsu, Gudlaugur Fridthorsson, ya yi iyon kilomita wajen 6 cikin dare, a ruwan da zafinsa bai fi digiri 5 ko 6 ba, ya fito gaci, sa'an nan ya taka ba takalmi har ya iske gidaje. Shi kaɗai ya tsira. Da aka gwada shi a Landan, sai aka ga kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa ne ya zame masa bargo.

Labarin Anna Bagenholm ya fi wannan ban al'ajabi. Likita ce 'yar ƙasar Suwidin mai shekara 29. Ran 20 ga Mayu 1999 tana wasan sulu a kan dusar ƙanƙara kusa da garin Narbik a ƙasar Norwe, sai ta zame ta faɗa wani rafi da ka, ta maƙale ƙarƙashin ƙanƙara. Ta sami ɗan gurbin iska tana shaƙa har wajen minti 40, daga nan motsi ya tsaya. Sai da ta yi minti 80 kafin a ciro ta, ba numfashi, ba bugun zuciya. Abokan tafiyarta, su ma likitoci, suka dinga danna mata ƙirji har jirgi mai saukar ungulu ya iso, ya kai ta asibitin Toromso. A can aka auna zafin jikinta, digiri 13.7.

A bisa al'ada ƙwaƙwalwa takan lalace in ta yi 'yan mintoci ba jini. Amma sanyi ya riga ya ratsa ƙwaƙwalwar wannan baiwar Allah tun zuciyarta ba ta tsaya ba, ƙwaƙwalwa mai sanyi kuwa iska kaɗan take bukata. Likitocin ba su yarda sun kira ta gawa ba. Suka haɗa ta da na'urar da ke zuƙo jini waje ta ɗumama shi ta mayar, sannu a hankali, har zuciyar ta sake bugawa. Ta farka bayan kwanaki gaɓoɓinta a shanye, ta yi watanni tana jiyya, daga bisani ta miƙe ta kama aikin likita a wannan asibiti da aka ceto ta.