Wasɗa: Kyauta da Haƙƙin Wani

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma da duk mai neman aiki a ƙasashen Larabawa ya sani tun kafin ya rubuta takardar neman aikin, ita ce wasɗa. Asalinta daga "tsakiya" ne. A da, mai wasɗa shi ne dattijon da ke shiga tsakanin ƙabilu biyu da jini ya raba, ya jinginar da mutuncinsa har a sasanta. Yau kuwa shi ne kawun da zai ɗaga waya ya kira darakta, gobe sai ga ɗan ƙanwarsa a kan kujera. Matasan can har laƙabi suka yi mata, wai "bitamin waw", don ba ka ƙiba a ofis sai da ita.

Masu kare ta suna cewa zumunci ne, ceto ne na alheri, kuma wanda ya samu hanya ya ƙi jan ɗan'uwansa ai ɗan banza ne. Mun ji. Amma muna tambaya: da dukiyar wa aka yi wannan zumunci? Dattijon jiya daga aljihunsa da darajarsa yake biya. Na yau kuwa yana kyauta ne da haƙƙin wani mutum na uku wanda ba ya wurin, ɗan talakan da ya ci jarrabawa, ya koma gida yana jiran wasiƙar da ba za ta zo ba. Kujerar hukuma amana ce, ba gadon gidan kowa ba ce.

Kada a ce mu muke ƙaga musu laifi. A shekarar 2006 Jodan ta kafa dokar yaƙi da rashawa, ta sa wasɗa a cikin laifuffuka muddin ta tauye haƙƙi ko ta tabbatar da ƙarya. Duk da haka, binciken ƙungiyar Transparency International na 2019 ya nuna kashi 25 cikin ɗari na masu hulɗa da ma'aikatun gwamnati a Jodan sun bi ta hannun wani, a Falasɗinu kashi 39, a Labanan kashi 54. Labanan ɗin ma abin ya zama tsari, don manyan muƙamai ana raba su ne tsakanin ɗariƙu da addinai, kowane jagora yana da rabonsa da zai watsa wa mabiya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne hukuncin baki biyu. Idan maƙwabci ya samu aiki ta wasɗa, sai a ce zalunci ne, ƙasa ta lalace. Idan ɗanmu ne, sai a ce Allah ne ya haɗa shi da mutanen kirki. Wanda ya fi kowa zagin ta a majalisa da dare, shi ne na farko a ƙofar babban mutum da safe.

Mu da muke da karin maganar mai uwa a gindin murhu, ba mu da bakin yi wa Larabawa dariya. Da yawanmu bana za mu kama aiki, kuma kafin shekara ta zagayo wani kawu zai shigo ofis da takardun ɗansa a hannu, ya zauna, ya fara da tambayar lafiyar mahaifiyarmu.