Shari'ar Hanifa: Darasin da bai kai ƙauyukan Bichi ba

Ranar 28 ga Yulin 2022, Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, bisa sacewa da kashe Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar. Tanko shi ne mai makarantar Noble Kids Academy inda yarinyar ke karatu. An sace ta a watan Disamban 2021, aka nemi fansar Naira miliyan 6, sannan jami'an tsaro suka cafke shi a Janairun 2022. Daga kamu zuwa hukunci, wata shida da 'yan kwanaki kacal.

Wannan hanzari ya sanyaya zukatan jama'a, amma ya tayar da tambaya: me ya sa wasu shari'o'in kisa ke shafe shekaru ba a ko fara sauraren shaidu ba?

Amsar na cikin abin da ya kewaye shari'ar. Kafafen watsa labarai sun sa ido a kanta, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya yi alƙawarin sa hannu a takardar zartar da hukunci, gwamnati kuma ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin sake tantance su. Da idon duniya a kan fayil ɗin, babu teburin da ya daɗe a kai.

Sai a auna da halin manomin wani ƙauye a Bichi, Tsanyawa ko Bagwai, wanda aka kashe masa ɗan'uwa a rikicin gona ko na gado. Ƙorafinsa zai fara daga ofishin 'yan sanda na yanki, a miƙa shi sashen binciken manyan laifuka na rundunar jihar a birnin Kano. Daga nan a gurfanar da wanda ake zargi gaban kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraren laifin kisa, don haka iyakarta ta tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. A wannan jiran ne shari'o'i da dama ke mutuwa. Ana yi wa ɗan sandan da ya yi bincike sauyin wurin aiki, shaidu su gaji da kuɗin motar zuwa birni, damina ta zo su koma gona. Sau da yawa kuma an riga an binne mamaci ba tare da rahoton likita ba, hujjar da mai gabatar da ƙara zai nema daga baya ya rasa.

Illar ta shafi ɓangarori biyu. Dangin mamaci ba su ga adalci ba, shi kuma wanda ake zargi, ko da ba shi da laifi, yana tsare. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Birni ma bai tsira ba. 'Yan kasuwa na tuna kisan Bridget Agbahime a Kasuwar Ƙofar Wambai ranar 2 ga Yunin 2016. A watan Nuwamban shekarar kotu ta sallami mutum biyar da aka gurfanar, bisa shawarar Babban Lauyan Jihar cewa ba su da tuhumar da za su amsa. Idan ba su ba ne, su wane ne? Sakin wanda hujja ba ta kama ba daidai ne, amma bai sauke nauyin nemo mai laifin ba.

Kano na da dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2019, wadda manufarta rage irin wannan jinkiri. Abin da ya rage shi ne aiki da ita: a ɗaure fitar da shawarar lauyoyin gwamnati da wa'adi, a biya shaidu kuɗin zuwa kotu, a kuma tanadi likitocin binciken gawa a manyan asibitocin karkara. Shari'ar Hanifa ta nuna cewa hukumomi na iya kammala aikinsu cikin wata shida. Talakan Bichi, wanda labarinsa ba zai taɓa zama kanun jarida ba, yana da haƙƙin a yi masa irin wannan hanzari.