Noma Cikin Ruwa: A Ɗaki Ko a Tsakar Gida?

Tun da labarin noman da ake yi cikin ruwa, ba ƙasa ba fartanya, ya bazu, samarinmu masu ilmin zamani suka shiga ɗokin keɓe ɗaki guda a gida, su toshe tagoginsa, su rataya fitilu, su jera bututai kamar yadda suka ga mutanen Turai suna yi. Ni kuwa, bayan na yi nazarin al'amarin gwargwadon hali, na tarar hikimar gaskiya ce, amma ɗakin nan ba namu ba ne.

Wajen 1860 wasu malaman Jamus biyu, Sachs da Knop, suka tabbatar cewa ba ƙasar kanta tsiro yake ci ba, ma'adinan da suka narke cikin ruwanta yake sha, har suka raya tsiro cikin ruwan da suka haɗa da hannunsu. A 1937 kuma Gericke na Jami'ar Kalifoniya, wanda tumatirinsa ya kai tsawon ƙafa 25, ya yaɗa sunan sana'ar, wato haidurofonik. Wannan duk babu jayayya a cikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hasken. Mutumin Ingila ko Kanada, wanda hunturunsa ke zuwa da ƙanƙara da gajeren yini, larura ce ta tilasta masa kunna wa latas fitila awa 14 zuwa 16 kowace rana, haɗe da fanka mai fitar da zafi da famfo mai zagayawa da ruwa. To, fitila taimama ce, kuma kowane almajiri ya san hukuncin taimama in ga ruwa. Yaya mutumin Kano ko Damagaram, wanda Allah Ya hore wa rana kyauta, alhali wutar lantarkinsa ba ta da alkawari, zai rufe wa ni'ima ƙofa ya koma sayen man janareta?

Na ga ƙarshen irin wannan a gidan wani abokina. Aka ɗauke wuta da azahar, ana tsakiyar bazara, famfo ya tsaya. Kafin magariba saiwoyin da ke kwance cikin bututu, waɗanda da safe suke fari fat kamar zaren auduga, sun bushe, ganye ya yi yaushi ya kwanta, wahalar wata guda ta tafi a yini ɗaya.

Abin da na fi ganin maslaha a cikinsa shi ne dabarar Kratky, wani malamin Jami'ar Hawai, wadda ba ta bukatar wuta ko kaɗan. Bokiti ne mai murfi, a huda murfin, a zaunar da ɗan tsiro cikin ƙaramin kofi mai huji, a cika ruwan taki har ya taɓa gindin kofin, sa'an nan a ƙyale shi. Yayin da tsiron ke sha ruwan yana ja da baya, sai saiwoyin sama su riƙa shaƙar iska, na ƙasa kuwa su bi ruwa. Lita 4 zuwa 6 kan ishi gindin latas ɗaya har a cire shi, cikin mako biyar ko shida.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Takin zamani na gona bai wadatar ba, domin tsiro na bukatar kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe waɗanda a da ƙasa ce ke ba shi. Ruwan kuma ya kasance mai ɗan tsami-tsami, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin tsami. Kada haske ya ratsa bokitin, don gudun gansakuka, kada kuma a bar wa sauro kafa. Gero da dawa kam a bar wa damina su. Babban abokin gaba shi ne zafi, domin ruwa in ya ɗumama iskarsa kan ragu, saiwa ta ruɓe. Saboda haka mai farawa ya jira sanyin hunturu, ya ajiye bokitinsa inda hantsi ke bugawa, inuwar katanga kuma ta rufe shi kafin azahar.