Kafin 2027, a tambayi 'yan takara batun alƙalai

A Amurka, mai neman shugabanci yakan fito fili ya faɗi irin alƙalan da zai naɗa. Donald Trump ya yi wa masu ra'ayin riƙau alkawari a 2016, ya kuma cika: alƙalai uku ya kai Kotun Ƙoli, a 2022 aka soke hukuncin da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. A Sabon Garin Nangere da ke jihar Yobe kuwa, in an zauna hirar siyasa a teburin mai shayi, maganar taki ce da titi da farashin gero. Da wuya a ji an ambaci alƙali.

Alhali mutanen Yobe sun ga aikin Kotun Ƙolin Najeriya da idonsu. Bashir Machina ya ci zaɓen fidda gwani na APC na kujerar sanatan Yobe ta Arewa a Mayun 2022, lokacin da mai riƙe da kujerar, Ahmad Lawan, ke neman tikitin shugaban ƙasa. Da rikici ya tashi tsakaninsu kan tikitin sanatan, Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba Machina gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, alƙalai uku cikin biyar na Kotun Ƙoli suka juya hukuncin, bisa hujjar cewa hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar ba ta dace ba. Tikiti ya koma hannun Lawan.

To wa ke zaɓen masu wannan iko? Sashe na 231 na tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ke naɗa su bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, Majalisar Dattawa ta amince. Alƙalin Alƙalai ne ke shugabantar majalisar shari'ar, shi ke zaɓo yawancin mambobinta. Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad ya soki wannan tarin iko ranar da ya yi ritaya a Oktoban 2023. Ga kuma Buhari, wanda ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a Janairun 2019, ana saura makonni a yi zaɓe.

Tinubu ya naɗa alƙalan Kotun Ƙoli 11 a tashi ɗaya, kuma tun 1999, zaɓen shugaban ƙasa na 2015 ne kaɗai bai je kotu ba. Don haka duk ɗan takarar da ya zo Potiskum neman ƙuri'a, ya kamata a tsare shi da tambaya: zai goyi bayan rage ikon Alƙalin Alƙalai, a kuma riƙa bayyana sunayen masu neman kujerar alƙalanci jama'a su tantance kafin a rantsar da su?